RA'AYINMU: Ƙure Wa Kwamfuta Maleji, Riba Ce Ko Asara Ga Ɗan Kasuwa?

Sanin kowa ne cewa kwamfuta ta daɗe da barin ofisoshin gwamnati da bankuna ta shigo cikin kasuwa, ta samu wurin zama kusa da sikeli da mudu da littafin bashi. Tun daga kasuwar Aboabo da ke Tamale har zuwa Paga da Bawku da Sinkase, da wuya a yau ka samu babban dila ko wakilin fitar da kaya da ba ya da hulɗa da ita, ko shi da kansa, ko ta hannun yaron shagonsa. Tun da aka shigo da hada-hadar kuɗi ta wayar salula ƙasar Ghana a 2009, sannan hukumar kwastan ta koma aiki da tsarin ICUMS a 2020, takardun kaya da rasit da lissafin shige da fice suka koma cikin na'ura. Ɗan kasuwar da ke zaune a Kasalgu, a yankin Sagnarigu da ke gefen Tamale, wanda ke tura masara da waken suya kudu, yana karɓar albasa daga arewa, a cikin wannan na'ura yake ajiye sunayen waɗanda yake bi da waɗanda ke bin sa.

To amma kukan da aka fi ji daga bakin masu irin waɗannan na'urori shi ne: "Kwamfutar nan ta yi nauyi." Ka kunna ta, ka je ka sha shayi ka dawo ba ta gama farkawa ba. Ka nemi takarda, direba na tsaye yana jira, ita kuwa tana ta juyi. A irin wannan hali ne yaran da suka buɗe ido da kallon YouTube da TikTok kan kawo shawara cewa akwai wata dabara da ake yi wa kwamfuta ta ƙara gudu ba tare da an sayi sabuwa ba, wadda masu gyara ke kira obakulokin. Mu a nan za mu kira ta ƙure wa kwamfuta maleji, domin abin da ake yi ke nan. Tambayar ita ce, shin wannan dabara tana da amfani ga mai aikin yau da kullum? Ra'ayinmu shi ne ba ta da shi, musamman a wannan yanki namu, kuma ga dalilanmu.

Da farko ya kamata mai karatu ya san abin da ake taɓawa. A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan ƙaramin falle da bai kai faɗin tafin hannu ba, wanda ake kira furosesa, shi ne ƙwaƙwalwarta. Wannan ƙwaƙwalwa tana aiki ne da bugu, kamar yadda masu daka ke bin sautin taɓarya, kowane bugu da ɗan aikin da ake yi a cikinsa. Idan aka ce gudunta gigahaz 3 ne, ana nufin tana bugu sau biliyan 3 a cikin daƙiƙa ɗaya. Kamfanin da ya ƙera ta, ko Intel ko AMD, shi ne ya gwada ta ya yanke mata iyakar da ya tabbatar za ta iya ɗauka shekara da shekaru ba tare da kuskure ba. Mai ƙure maleji yana shiga cikin saitin na'urar ne ya ɗaga wannan iyaka, ya mai da 3 ta koma 3.3 ko 3.5. Da yake ƙwaƙwalwar ba ta iya riƙe sabon gudun da ƙarfin wutar da aka tsara mata, sai ya ƙara mata ƙarfin wutar ma. A nan gizo ke saƙar.

Masana harkar lantarki sun daɗe da sanin cewa zafin da furosesa ke fitarwa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta, yana wuce shi nesa. Idan aka ƙara gudu da kashi 10 cikin 100, aka kuma ƙara ƙarfin wuta da kashi 10 cikin 100, wutar da za ta ci da zafin da za ta fitar za su ƙaru da kusan kashi 33 cikin 100. Ɗan kasuwa ya auna wannan ciniki da kansa: aikin da ke cin daƙiƙa 10 ya koma cin daƙiƙa 9, wannan ma idan komai ya tafi daidai, a madadinsa kuma ka ɗauki ƙarin kashi ɗaya cikin uku na zafi. Da a ce wani ya zo maka da haja a kan wannan sharaɗi, ba ma zaton za ka taya.

Ba za mu ƙi gaskiya ba, akwai zamanin da wannan dabara ta yi rana. A 1998 Intel ta fitar da wata furosesa mai araha, Celeron 300A, mai gudun megahaz 300, sai masu ƙwaƙule-ƙwaƙule suka gano cewa da ɗan sauyin saiti tana kaiwa 450, wato ƙarin rabi cif, har tana gogayya da waɗanda suka ninka ta tsada. A 2011 ma an yi Core i5-2500K mai gigahaz 3.3, wadda mutane da dama suka kai ta 4.5 ta kuma zauna lafiya. Daga irin waɗannan labarai ne sunan dabarar ya yi tashe, har yau ana ta cin gajiyarsa a bidiyo.

Sai dai kasuwa ta juya. Su kansu kamfanonin sun yi karo da bangon zafi tun da daɗewa. A 2004 Intel ta kai Pentium 4 gigahaz 3.8, a shekarar ce kuma ta fito fili ta janye shirin fitar da mai gigahaz 4, ta koma haɗa ƙwaƙwalwa biyu, daga baya huɗu da takwas, a cikin falle ɗaya, domin ta gane cewa raba kaya ga jakuna da yawa ya fi zabgar jaki ɗaya. Bayan haka, tun daga 2008 ta sanya wa na'urorinta wani tsari mai suna Turbo Boost, wanda ke ƙara gudu da kansa idan aiki ya taso kuma jikin na'urar da sanyi, ya rage idan ta ɗau zafi. AMD ma tana da irin nata. Ma'ana, rarar gudun da mutanen 1998 ke tonowa da hannu, yanzu kamfani ya riga ya tatse ta tun daga masana'anta, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Gaskiya ne a Disamban 2022 wasu gwanaye sun kai wata furosesa gigahaz 9, amma da wani ruwan iska mai tsananin sanyi suka yi ta kwarara mata, don neman suna a gasa, na ɗan taƙaitaccen lokaci. Wannan sukuwar sallah ce, ba dokin da za a yi fatauci da shi ba ne.

Bugu da ƙari, mafi yawan kwamfutocin da ke hannun 'yan kasuwarmu ba su ma karɓar wannan aiki. Na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama mora, aka sauke su a tashar jiragen ruwa ta Tema, suka bi ta Akra da Kumasi suka iso mana: Dell da HP da Lenovo na ofis, waɗanda aka kulle saitinsu tun daga kamfani. A ɓangaren Intel, galibi sai furosesar da lambarta ta ƙare da harafin K, tare da allon da aka yi don haka, ake iya ɗaga wa gudu. Saboda haka idan wani ya karɓi kuɗinka ya ce ya ƙure wa tsohuwar laftof ɗin ofis maleji, kana da haƙƙin ka tambaye shi me ya yi takamaimai. Sau da yawa abin da ya faru bai wuce an share wasu tarkace ba, ko kuma an shigar da wata manhaja da ba a san asalinta ba, wadda ke hana na'urar rage gudu lokacin da ta ɗau zafi. Na farko bai cancanci wannan suna ba, na biyu kuma haɗari ne.

Yanzu mu dawo gida, domin a nan maganar take da nauyi. Mutumin da ke nuna wannan dabara a bidiyo yana zaune ne a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 20 ko 22 ba, a Jamus ko Kanada. A Tamale kuwa, a watannin Maris da Afrilu, zafin rana yakan kai digiri 40, wani lokaci ya gota. Wanda shagonsa kwantena ce, ko rufin kwano ba silin, ya san cewa abin da ke ciki ya fi na waje. Fankar kwamfuta ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take ja ta busa wa furosesa. Idan iskar ta fi ta Bature zafi da digiri 20, to furosesarka ta fara aiki ne da bashin digiri 20 tun kafin a ɗora mata komai. Galibin waɗannan na'urori iyakarsu tana tsakanin digiri 95 zuwa 100, da zarar sun kusanci nan sai su ja birki da kansu don kada su ƙone. Abin mamakin shi ne, kwamfutar da aka ƙure wa maleji tana saurin kaiwa wannan iyaka, don haka da azahar, lokacin da kasuwa ta cika kuma aka fi bukatarta, tana iya fin wadda ba a taɓa ba nawa. An je neman ƙiba an samo rama.

Ga kuma ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu na busowa daga Sahara, kuma duk wanda shagonsa ke bakin hanyar da ba kwalta, ko kusa da inda ake sheƙar masara da gyaɗa, ya san yadda take kwanciya a kan kaya kafin la'asar. Wannan ƙura ce fanka ke zuƙa kullum, ta taru ta toshe ƙofofin iska kamar auduga. Kwamfutar da ta yi shekara biyu a kasuwa ba a buɗe ta ba, da ƙyar take numfashi ko da a gudunta na asali, balle a ce an ƙara mata.

Na uku shi ne wuta. Mutanen Ghana ba su manta da shekarun dumso ba, daga 2012 zuwa 2016, lokacin da ɗauke wuta ya durƙusar da ƙananan sana'o'i da dama. Ko da yake an wuce wannan mataki, babu ɗan kasuwar da zai rantse cewa wutar shagonsa tana tsaye cak a kan bolt 230 dare da rana, musamman a lokacin iskar farkon damina, ko ga wanda ke komawa kan janareta, ko rumfunan kan iyaka da ake jan waya ɗaya a raba wa mutum goma. Na'urar da ke gudunta na asali tana da ɗan sararin jure wannan tangal-tangal. Wadda aka kai ta bakin gaɓa kuwa, ɗan girgiza kaɗan ya ishe ta.

Kada a ɗauka wannan hasashe ne kawai. A 2011 masu bincike na kamfanin Microsoft sun fitar da sakamakon nazarin da suka yi kan rahoton matsalolin kwamfutoci kusan miliyan ɗaya na mutanen gari. Sun gano cewa waɗanda aka ƙure wa maleji sun fi sauran yiwuwar tsayawa cak saboda matsalar furosesa da ninki 4 zuwa 20, gwargwadon kamfanin da ya ƙera ta, alhali waɗanda ke aiki ƙasa da iyakarsu sun fi kowa zama lafiya. Haka nan a 2024 Intel da kanta ta amsa cewa wasu manyan furosesoshinta na ƙarni na 13 da na 14 suna lalacewa a hankali saboda ƙarfin wutar da ke shigarsu ya yi yawa, har ta ƙara wa masu su garantin shekara biyu, kuma wadda ta riga ta lalace ba ta da magani sai canji. To idan kamfanin da ya ƙera abu, da injiniyoyinsa da ɗakunan gwajinsa, zai iya yin kuskure wajen auna wuta, ina ga yaron da ya koyi aikin a bidiyon minti goma? Kuma a sani, kamfanonin sun faɗa a rubuce cewa taɓa gudu ko ƙarfin wuta na iya soke garanti. Intel ta taɓa sayar da wani inshora na musamman ga masu wannan wasa, amma ta daina a 2021.

Abin da ya fi tayar mana da hankali ba ƙonewar na'ura ba ne, domin a gaskiya ba kasafai na zamani ke ƙonewa farat ɗaya ba. Abin tsoron shi ne kuskuren da ba ya ihu. Furosesar da aka matsa wa tana iya yin aiki lafiya mako guda, rana ɗaya ta tsaya a daidai lokacin da ake adana fayil, fayil ɗin ya lalace ya ƙi buɗuwa. Ga mai wasan ƙwallo a kwamfuta, wannan ba komai ba ne, sai ya kashe ya kunna. Ga mai sayar da albasa bashi ga mata talatin a kasuwanni uku, wannan fayil shi ne jarinsa. Kasuwancinmu na kan iyaka a kan amana da bashi yake tafiya, kuɗi kala uku ake juyawa, sidi da sefa da naira, kowanne da farashinsa na ranar. Ran da littafin ya ɓace, mai gaskiya zai biya abin da ya tuna, marar gaskiya kuma ya samu mafaka, zumuncin shekara ashirin ya lalace a kan lambar da babu mai iya tabbatar da ita. Wace daƙiƙa ɗaya ce ta kai wannan?

Iyayenmu fatake da suka yi ta safarar goro tsakanin Kano da Salaga, tafiyar watanni a ƙasa, sun san wannan darasi tun kafin a yi lantarki. Madugu nagari ba ya barin a labta wa jaki abin da ya fi ƙarfinsa don a rage zango ɗaya, domin ya san jakin da ya faɗi a daji ya tafi da kaya da ribar gaba ɗaya. Direbobin manyan motoci da ke bin hanyar Tamale zuwa Bolgatanga da Paga su ma shaida ne: lodin da ya wuce kima yana kawo ƙarin kuɗi a tafiya ɗaya, amma a ƙarshen shekara bakanike da mai taya ne ke cinye shi. Kowa ya ga yadda Motor King ke ƙarewa idan aka mai da shi tirela. Kwamfuta ba ta fita daga wannan doka ba.

To idan ba gudun furosesa ba ne, me ke sa kwamfuta nauyi? Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara yi, domin ruwa ba ya tsami banza. Aikin ɗan kasuwa, wato Excel da rubuta wasiƙa da buga rasit da WhatsApp da shiga shafin kwastan ko na banki, ba ya gajiyar da furosesa. Mafi yawan lokaci zaune take tana jira, kamar gwanin ɗinki da aka bar shi ba yadi. Abin da take jira kuwa ɗaya ne daga cikin huɗu.

Na farko, faifan ajiya. Tsofaffin kwamfutoci suna zuwa ne da faifai mai juyawa, wanda allura ke bi tana neman bayani kamar garmaho, kuma abin da yake iya karantowa bai cika wuce megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa ba. Na zamani da ake kira SSD ba ya da abin da ke juyawa a cikinsa, mafi araharsa yana kaiwa wajen megabait 500, wajen tsinto ƙananan fayiloli kuwa ratar ta fi haka nesa ba kusa ba. Wanda ya canja wannan abu ɗaya zai ga kwamfutar da ke cin mintuna kafin ta farka ta koma farkawa cikin daƙiƙoƙi. Ga shi ba ya ƙara zafi, ba ya shan batir kamar tsohon, kuma ya fi jure girgizar hanya ga mai yawo da laftof a mota ko a babur.

Na biyu, ram, wato faɗin teburin da kwamfuta ke baza aikinta a kai. Gigabait 4 ya yi kaɗan ga Windows na yanzu da shafukan intanet na yanzu. A mai da shi 8, wanda ya samu hali ya kai 16. Na uku, ƙura da bushewar ɗan man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye mata zafi. A kai wa mai gyara ya buɗe ya busa ya sabunta man, aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen hunturu, kafin zafin Maris ya kankama. Na huɗu, tarkacen manhajoji da bairos da ake kwasowa ta hanyar filashi da fina-finan da yara ke turawa. Kwamfutar lissafi ba gidan kallo ba ce. Akwai kuma na biyar da ba laifin na'ura ba ne sam: idan sabis ya yi rauni a bakin iyaka, ko da ka sayi wadda ta fi kowace tsada a duniya, shafin ba zai buɗe da wuri ba.

Har ila yau muna jan hankalin masu shirin sayen ta hannu da su lura da wani abu da ya fi maganar gudu muhimmanci. Microsoft ta daina bai wa Windows 10 tallafinta na yau da kullum tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, shi kuwa Windows 11 a ƙa'ida ba ya karɓar furosesar Intel da ta gaza ƙarni na 8, wanda ya fara fitowa a 2017. Gane wannan ba shi da wuya: idan aka rubuta i5-8250U, lambar farko bayan ɗan layin, wato 8, ita ce ƙarnin, idan kuwa i5-6300U ce, to ƙarni na 6 ne. Babu wani ƙure maleji da zai mai da 6 ta zama 8. Wanda ke shiga asusun bankinsa ta kwamfuta ya fi bukatar wadda ake toshe wa kafofin ɓarayi a kan wadda ke tsere. Kuma tun da da dala ake shigo da waɗannan kaya, kowa kuma ya ga yadda sidi ta sha kashi a 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100 a watan Disamba, hankali shi ne mutum ya lallaɓa wadda yake da ita ta daɗe, ba ya gajarta mata kwana ba.

Ba mu ce babu wanda dabarar za ta yi wa amfani ba. Matashin da ke tace fina-finan Dagbani ko na Hausa, ko mai haɗa bidiyon biki da suna, wanda na'urarsa ke shafe sa'o'i tana aiki ɗaya, kashi 10 cikin 100 na iya zama masa wani abu. Haka mai sha'awar wasanni, ko ɗalibin Jami'ar UDS ko na jami'ar fasaha ta Tamale da ke son ya san cikin na'ura da bayanta. Idan yana da kwamfutar tebur da aka yi don haka, da babbar fanka, da ɗaki mai sanyi, kuma da kuɗinsa ya saya, to ga fili ga mai doki. Ba ma son a kashe wa yara gwiwar bincike, domin daga cikinsu ne injiniyoyin gobe za su fito. Sharaɗinmu ɗaya ne: kada a koyi aski a kan na'urar da ke ɗauke da jarin gida.

Akwai kuma ɓangaren ha'inci, wanda bai kamata mu rufe ba mu taɓo shi ba. Kulle gudun da kamfanoni ke yi yana da tarihi. A shekarun 1990 an samu 'yan damfara da ke goge rubutun da ke jikin furosesa mai araha, su buga mata lambar mai tsada, su ɗaga mata gudu su sayar, mai saye bai sani ba sai ta fara ba shi matsala. Wannan na cikin abin da ya sa Intel ta fara kulle nata tun wajen 1998. Wannan algus ne, bai da bambanci da jiƙa goro ko zuba yashi a gindin buhu. Duk mai sayar da kwamfutar da aka taɓa ƙure wa maleji, wajibi ne ya faɗa wa mai saye, kamar yadda mai sayar da mota zai faɗi cewa an taɓa sauke injinta.

Saboda haka muna kira ga shugabannin kasuwanni da sarakunan zango da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, daga Tamale har bakin iyaka, da su riƙa gayyato masana su wayar wa mambobinsu kai cikin harshen da suke ji, ko da sau ɗaya ne a shekara. Muna kira ga masu gyara da su riƙe amanar sana'arsu, su gaya wa Alhaji ko Hajiya ainihin ciwon na'urarsu, su rubuta abin da suka canja da farashinsa. Mai gyaran da ya faɗi gaskiya yau, shi za a kawo wa aiki gobe har da na maƙwabta. Makarantun fasaha na yankin su ma suna da rawar takawa, ta hanyar shirya gajerun kwasa-kwasai ga yaran shago.

Ga ɗan kasuwa kuwa, idan akwai kuɗin da ya ware don kwamfutarsa, ga yadda muke ganin ya kamata ya jera su: ya fara da abin kare ta daga hawa da saukar wuta, sitabilaiza ko UPS ga mai ta tebur, sai SSD, sai ƙarin ram, sai shara da sabon mai. Ya ɗaga ta daga ƙasa, ya nisanta ta da bango da hasken rana, kada a ɗora laftof a kan buhu ko katifa ko darduma, domin ta ƙasa take shaƙar iska. Sama da duka, kowace Juma'a ko kowace ranar kasuwa a kwafe lissafi a filashi biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida, a kuma buga jerin manyan basussuka a takarda duk ƙarshen wata. Littafin da kakanninmu suka riƙe bai taɓa jin zafin Maris ya ƙi buɗuwa ba, don haka kada a yi saurin yi masa ritaya.

Idan yaro ya zo da maganar ƙure maleji, kada a yi masa tsawa, a zaunar da shi a yi masa tambayoyi uku irin na kasuwa: daƙiƙa nawa za mu samu, me za mu iya rasawa, kuma wa zai biya idan ta lalace? In ya amsa su tsakani da Allah, shi da kansa zai mayar da sukudireba aljihu. Hausawa dai sun ce sauri ya haifi nawa, kuma tafiya sannu sannu kwana nesa. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.